Babi na Biyar: Ƙarfen da Ke Kai da Komowa a Cikin Bindiga

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ta Kano ranar Hawan Daushe ya ga bindiga iri biyu a fili ɗaya. 'Yan bindigar Sarki suna gaba-gaba, kowa da bindigar toka. In ɗayansu ya saki wuta, ƙasa ta amsa, farin hayaƙi ya turnuƙe, sai ya ja gefe ya kafa gindinta a ƙasa, ya zuba albarushi ta baki, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ɗuri. Kafin ya gama, tawagar hakimi guda ta wuce. A gefen taron kuwa ga ɗan sanda da AK-47 rataye a kafaɗa, wadda ke cin harsashi 30, in kuma aka danne kunamarta za ta zazzage su duka cikin daƙiƙa 3. Ko yaro yakan tambayi wanda ya kawo shi kallo: ba ta da batir, ba ta da inji, to wa ke ɗura mata?

Mai ɗura mata wani curin ƙarfe ne da nauyinsa ya kusa rabin kilo, yana kwance a cikin gangar jikinta, yana zuwa baya yana dawowa sau 10 a daƙiƙa ɗaya. Kashi biyu ne. Akwai ƙaramin da ke toshe bayan bututu, shi ne sakata. Akwai babban da ke ɗauke da ita, yana buɗe ta yana kulle ta, shi ne maɗauki. Yawancin bambancin da ke tsakanin manyan bindigogin sojan duniya a wurin nan aka yanke shi.

Bindigar da aka toshe bayanta

Kano ta daɗe da sanin bindiga. Tsohon littafin tarihin sarakunan birni ya ce a zamanin Sarki Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, aka kawo garkuwoyi da bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga su tsare shi. Bayan jihadi ma bindiga ta zauna a hannun bayin Sarki, ba kowane mahayi ake ba ita ba. Masu harbin ranar hawa wannan gado suke riƙe da shi.

Bindigar tasu ba ta da wani ɓoyayyen sirri. Bututun ƙarfe ne da aka toshe bayansa toshewa ta dindindin, aka bar ɗan huji inda tartsatsi zai shiga. Tunda babu wani sashe da zai buɗe ya rufe a gaban wuta, maƙerin da ya ƙware a garma da takobi da linzami yana iya gyara ta, har ya ƙera wata. Garin da ake narka tama a gindin Dala tun kafin a gina ganuwa kuwa bai taɓa rasa irin waɗannan maƙera ba.

Abin da mai ita ke biya shi ne lokaci. Komai ta baki yake shiga, kuma a tsaye ake ɗurin. Gwani ne ke samun harbi biyu ko uku a minti ɗaya, shi ya sa mafarauta suka laƙaba mata harbi-ruga. Turawa sun san haka sarai. A yarjejeniyar da suka ƙulla a birnin Burasal a 1890, sun hana sayar wa mafi yawan ƙasashen Afirka bindigar zamani, suka bar musu mai ƙyastu da baƙin albarushi.

Abin da aka gani a 1903

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland, kwamandan Turawa, ya iso bakin ganuwar Kano daga Zariya da soja fiye da 700, da igwa 4, da bindiga mai sarrafa kanta ta Maxim guda 4. Sarki Alu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙa. Aka fasa ta ɓangaren Kabuga, gari ya faɗi a ranar. Mutane sun fi tuna igwa da Maxim, amma gumurzun da aka yi a Kwatarkwashi a ƙarshen watan ya fi fito da maganar fili. A can rundunar Kano da ke dawowa ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta ci karo da wani Laftanar Wright da mutanensa, waɗanda ba su kai 50 ba. Rahoton Turawan da kansu ya ce mahaya 1,000 da dakaru 2,000 ne suka yi ta kawo musu sukuwa har awa biyu. Waziri ya yi shahada a wurin. Babu wanda zai ce Kanawa sun rasa zuciya a ranar. Sojan Wright dai bindigarsu ta baya ake ɗura mata harsashi mai kwanso, mutum yana durƙushe zai harba ya sake harbawa sau da dama kafin mai bindigar toka ya zare sandarsa.

Buɗe bayan bututu shi ya kawo wannan sauri. Shi ne kuma ya haifi matsalar da injiniyoyi suka shafe fiye da shekara ɗari suna kokawa da ita.

Ƙofar da wuta ke bugawa

A Gidan Makama an ajiye wasu tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, manya, masu ɗaurin ƙarfe. Ƙyauren ganuwa abu biyu ake nema a wurinsa waɗanda ba sa jituwa: da dare ya tsaya kamar bango, da asuba kuma ya buɗe ba gardama, fatake su shigo. Kaurin ƙyauren kaɗai ba ya wadatarwa, sai da sakatar da ke shiga cikin gini ta riƙe shi. Bayan bindigar zamani haka yake, sai dai dare da asubarsa duka cikin ƙiftawar ido suke.

Idan allura ta bugi gindin kwanso, albarushin ciki ya kama, matsin da ke tasowa a mazaunin harsashin AK yakan kai wajen tan 3 a kan kowane santimita murabba'i. Wannan ƙarfin ba gaba kaɗai yake turawa ba. Yadda yake korar harsashi ta baki da gudun fiye da mita 700 a daƙiƙa, haka yake tura kwanso baya, wajen fuskar mai harbi. Kwanson siriri ne. Zafi da matsi suna kumbura shi ya manne da bangon mazauninsa, wannan mannewar ce ke hana wuta fitowa ta baya. Amma in aka janye shi da wuri, matsin bai sauka ba, zai fashe, ko ƙugiyar da ke jan sa ta yage gindinsa ta bar sauran a ciki. Dole sakata ta kulle gam na kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, har harsashi ya bar bututu, sannan ta buɗe.

Hanyar farko ita ce a bar wa hannu. Jamusawan Furusiya sun karɓi bindigar Dreyse a 1841, Mauser ya kammala tasa a 1898, kuma tsofaffin 'yan sandan Nijeriya sun daɗe da Mak 4 ta Ingila. Mauser da Mak 4 tsarinsu ɗaya: a ɗaga mariƙi, haƙoran sakata su fita daga gurbinsu, a ja baya kwanso ya fice, a tura gaba sabon harsashi ya shiga, a kwantar da mariƙi ta kulle. Hannun mutum ba ya taɓa riga harsashi fita, don haka babu fargabar buɗewa da wuri.

Hiram Maxim a 1884 ya sa tunkuɗar da bindiga ke yi baya ta yi aikin hannun. A wannan shekarar kuma wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya haɗa albarushin da ba ya barin toka mai yawa. Wannan ya buɗe wata hanya, wato a huda ɗan rami a jikin bututu, a saci kaɗan daga hayaƙin da ke bin bayan harsashi, a sa shi aiki. Da baƙin albarushi irin na ranar hawa, ramin da hanyarsa da sun toshe bayan 'yan harbe-harbe.

Me ya sa ba a bar sakata ita kaɗai ba?

Saboda hayaƙi ba shi da haƙurin hannu. In aka bar shi ya bugi sakata kai tsaye, zai buɗe ta wuta tana ci. Sai aka sa wani ƙarfe a tsakani wanda zai karɓi bugun, ya ɗan yi tafiya shi kaɗai, sannan ya taɓa sakata. A cikin AK, maɗauki yana ja da baya kimanin milimita 5 da rabi sakata ba ta ko motsa ba. Bayan nan ne wani karkataccen tsagi da aka fafe a cikinsa zai kama kunnen sakatar ya murɗa ta, haƙoranta su fita daga gurbi. Wannan 'yar tafiyar wofi ita ce jinkirin da ke tsare fuskar mai harbi. Kafin ta ƙare harsashi ya yi gaba, matsi ya sauka.

Aikin maɗauki na biyu ya fi wannan ɓuya. Hayaƙin ba ya raka maɗauki har ƙarshen tafiyarsa. Bugu ɗaya yake yi masa, gajere, sai a sake shi ya fice. Sauran aikin duka, wato ciro kwanso daga inda ya manne, jefar da shi, ɗana hamar da ke bugun allura, matse sifirin, nauyin maɗaukin ne ke yin sa da gudun da ya samu. Daga nan sifirin ya dawo da shi, ya kwaso sabon harsashi daga magazin, ya cusa, ya murɗa sakata ta kulle. Shi ya sa ake yin maɗauki ya ninka sakata nauyi sau da yawa. In ya yi shafal, zai yi gudu fiye da kima, ya riƙa dukan jikin bindigar, wani lokaci ya dawo kafin magazin ta ɗago harsashi na gaba, kuma ɗan yashi kaɗan zai tsayar da shi. In ya yi nauyi, soja zai yi dakonsa duk yini, kowane harbi kuma bindigar ta yi tsalle a kafaɗarsa. Babu injiniyan da ya tsira daga wannan ciniki. Kowa ya zaɓi abin da zai biya.

Zaɓin Kalashnikov: a bar wa datti wuri

Mikhail Kalashnikov kwamandan tankar yaƙi ne da aka raunata a Bryansk a 1941. Ya ga yadda sojan Rasha ke yaƙi cikin taɓo da ƙanƙara, da yawansu 'yan ƙauye ne da aka ba horo na 'yan makonni. Bindigar da ya zana a 1947, wadda rundunar Tarayyar Sobiyat ta karɓa a 1949, ga irin waɗannan mutane aka yi ta.

Ya haɗe fistin da maɗauki suka zama abu ɗaya, dogo, mai nauyi. Bakanike zai gane fistin ɗin nan take, don aikinsa ɗaya da na inji: hayaƙi ya tura kansa, shi kuma ya tura abin da ke bayansa. Ya ba shi hayaƙi fiye da abin da yake buƙata, don ko ciki ya yi datti ƙarfin ya isa. Wannan ne dalilin da AK ke cilla kwanso nesa. Sakatar haƙora biyu kacal gare ta, manya. Shi kansa kwanson harsashin, wanda aka tsara tun 1943, tsukakke ne ta gaba, ya fi faɗi ta gindi, da ya ɗan motsa baya sai ya saki bango. Irin wannan kwanso in aka jera 30 ba sa tafiya a miƙe, shi ya sa magazin ɗin AK take a lanƙwashe. Lanƙwasar da kowa ke gane bindigar da ita daga nesa ba ado ba ce, sauƙin ciro kwanso ne ya jawo ta.

Babban zaɓinsa dai shi ne sarari. Maɗaukin yana tafiya ne a kan siraran layuka biyu, kewaye da shi duk fili ne. Ƙurar da ta shiga tana samun inda za ta koma gefe, nauyin ƙarfen kuma ya bi ta kan wadda ta tsaya a hanya. Mariƙin ɗanawa a jikin maɗaukin yake, don haka in ya cije ana iya tura shi da ƙarfin hannu. Akwai wani faffaɗan ƙarfe a gefen dama na bindigar da ake gani a hannun 'yan sanda. Shi ne makullin kunama, kuma in an ɗaga shi sama yana rufe tsagar da mariƙin ke bi, ƙura ba ta shiga. Ƙarfe ɗaya, aiki biyu.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure, su ɗauka sararin nan yana nufin aikin ganin-dama. Inda haƙoran sakata ke zama, da tazarar da ke tsakanin fuskarta da gindin kwanso, awonsu daidai yake ƙwarai, ƙarfen kuma na musamman ne da aka gasa bisa ƙa'ida. An saki inda sakin ba ya cutarwa, an matse inda rai ya rataya. Wannan ne abin da ya raba ta da bindigar toka a maƙera. Kwaikwayon da ake yi a ɓoye da guduma da magagari yana iya kama da ita a ido, amma sakatar da ba ta da wannan ƙarfe da wannan awo mai riƙe da ita take fara yi wa barazana.

Kalashnikov ya biya nasa farashi. Rabin kilo na ƙarfe yana kai da komowa a saman layin bututu, yana dukan baya da gaba, sai bakin bindigar ya riƙa ɗagawa, saiti ya warwatse. Bayan mita 300 ba a dogara da ita sosai. Rasha ta yarda da haka, don abin da ta gani a yaƙin duniya na biyu shi ne yawancin musayar wuta a ƙasa da wannan tazara ake yi.

Zaɓin Stoner: sauƙin nauyi da saiti

Eugene Stoner na kamfanin ArmaLite a Amurka daga harkar ƙera jiragen sama tunaninsa ya fito, inda kowane giram abin lissafi ne. Ya cire doguwar sandar fistin gaba ɗaya. A bindigarsa, wadda ta zama M16, wani siririn bututu ne ke ɗauko hayaƙi ya kawo shi har cikin maɗaukin. A can ciki akwai ɗan ɗaki a bayan sakata. Hayaƙin ya cika shi, ya tura maɗauki baya. Wutsiyar sakatar har zobba 3 gare ta irin na fistin mota. Saboda turin yana kan layi ɗaya da bututu da kafaɗar mai harbi, bindigar ba ta tsalle sosai. Ya yi wa sakatar ƙananan haƙora 7, ɗan murɗawa kaɗan ya ishe ta kullewa, kuma a jikin bututun take kullewa, ba a gangar jiki ba. Wannan ya ba shi damar yin gangar da alminiyam. M16 ta farko ba ta kai kilo 3 ba in babu harsashi.

Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma tana zubar da zafi da baƙin hayaƙi a daidai inda sassa ke gogayya. Tana son tsabta, tana son mai, tana son irin albarushin da aka tsara ta da shi. A 1964 hukumomin sojan Amurka suka amince da wani albarushi dabam, wanda ya fi datti kuma ya ƙara wa maɗaukin gudu. Ba a yi wa mazaunin harsashi rufin kurom ba, alhali dazukan Biyetnam, inda ake yaƙi da ita, danshi ne da tsatsa. Aka raba bindigar ba tare da isassun kayan goge ta ba. Kwanso ya riƙa maƙalewa ana tsakiyar faɗa, har aka sami sojan da suka mutu da sandar goge bututu a hannu suna ƙoƙarin zungure shi. Kwamitin majalisa ƙarƙashin Richard Ichord ya yi bincike a 1967 ya ɗora laifi a kan yadda aka tafiyar da shirin. Gyaran da aka yi bai taɓa ainihin tsarin ba: aka sa kurom, aka ƙara nauyin ƙarfen da ke bayan maɗauki don ya rage gudu, aka raba kayan gogewa. Jikokin wannan bindiga har yau suna hannun sojan Amurka.

Adalci ne a faɗi cewa Stoner ma ya yi tunanin datti, sai dai ta wata fuska. Kalashnikov ya ce datti ya shigo, akwai wuri. Stoner ya ce kada ya shigo, ya rufe jikin bindigar ruf, har ramin fitar kwanso ya yi wa ɗan murfi mai sifirin. A cikin taɓo wannan rufin yana aiki sosai. Ƙura mai laushi ita ce ba ta jin rufi. A gwajin ƙura da sojan Amurka suka yi a 2007, an harba harsashi 60,000 da kowane irin bindiga: M4, jikar M16, ta tsaya sau 882, HK416 kuwa, wadda kusan M4 ce da aka mayar wa fistin, ta tsaya sau 233. Kalashnikov da Stoner sun haɗu a Amurka a 1990, kowa ya riƙe bindigar ɗan'uwansa ya duba.

Tsagin yashi, da abin da Kaduna ta ƙera

Wanda ya san hunturun Kano, lokacin da hazo ke sauka a kan komai, a share tebur da safe a rubuta suna a kansa da yamma, ya san wace tambaya ce ta fi muhimmanci ga sojan wannan yanki. Mai ma da ake shafa wa ƙarfe don ya yi santsi, in ya haɗu da wannan ƙura, sai ya zama kwaɓaɓɓen abin da ke cin ƙarfen.

Bindigar FAL ta ƙasar Beljiyam, wadda Dieudonné Saive ya kammala a 1953, ta sha wannan darasi. Sakatarta ba ta murɗawa. Maɗauki ne ke danna wutsiyarta ƙasa ta tokare da wata kafaɗar ƙarfe. Fistin ɗinta gajeren naushi yake yi wa maɗauki ya koma, kuma akwai abin murɗawa a gaba da soja zai ƙara ko ya rage hayaƙi da shi. Aikinta mai kyau ne, amma maɗaukin ya zauna a hanyarsa ɗaram, babu sarari. Da Ingila ta ɗauke ta ta gwada a ƙasashen rairayi, sai injiniyoyinta suka yanka wasu tsage-tsage masu zigizag a gefen maɗaukin. Duk lokacin da ya yi gaba ya yi baya, tsagin yana kankare yashin da ke kan hanya ya ajiye a cikinsa. Ba a canja yadda sakata ke kullewa ba, ba a canja fistin ba, an dai nema wa yashi wurin zama. Isra'ila, wadda FAL ɗinta ta sha wahalar rairayi a yaƙin 1967, ba ta tsaya gyara ba. Ta koma ta ƙera Galil a kan tsarin Kalashnikov, ta karɓe ta a 1972.

Jamus ta Yamma ta bi wata hanya da G3 a 1959. Ba huji a bututu, ba fistin. Wasu 'yan rola biyu ne a kan sakata, suna buɗewa gefe su tokare. In kwanso ya turo, dole sai ya matse su ciki, su kuma su kori maɗauki baya da gudun da ya ninka na sakata sau 4. Ƙoƙarin tura wannan nauyi da irin wannan gudu shi ne jinkirin. Tunda kwanson yana fara motsi matsi bai gama sauka ba, an yi wa mazauninsa siraran tsage don hayaƙi ya ratsa ya hana shi mannewa. Kwanson da G3 ta harba ana gane shi da baƙaƙen layuka a jikinsa.

Nijeriya ta riƙe dukansu. Masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kaduna a 1964, wadda kamfanin Fritz Werner na Jamus ya gina, ta fara da BM59 ta Italiya, daga baya ta ƙera FAL da sunan NR1, sojan ƙasar kuma suka yi shekaru da G3. A 2006 aka nuna OBJ-006, wadda AK ce ƙirar gida. Yau a shingen 'yan sanda, daga Ƙofar Nassarawa har hanyar Katsina, AK aka fi gani. Ta fi araha, ta fi sauƙin koyarwa, ana zare maɗaukinta da sakatarta da hannu ba tare da wani kayan aiki ba, kuma tana jure ƙasar da ƙura ke mulki wata huɗu a shekara.

Wanda ya gaji wannan juriya

Duk abin da ya sa ta dace da ɗan sandan da ke nesa da ma'ajiyar makamai, shi ya sa ta dace da wanda bai kamata ya taɓa ta ba. Bindigar da ke son mai na musamman da gwanin gyara takan mutu da kanta in ta bar hannun hukuma. Wannan ba ta mutuwa. Wadda aka ƙera shekara 50 da suka wuce tana iya kwanciya a rami, a tono ta, ta yi aiki. Haka take tashi daga wannan yaƙi ta faɗa wancan, kamar yadda rumbunan makaman Libiya suka watsu cikin Sahel bayan 2011. Mutanen cikin birnin Kano ba labari aka ba su ba. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014, a Babban Masallaci, dab da gidan Sarki, bama-bamai suka tashi ana sallah, 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu neman tsira, aka rasa fiye da mutum 100. Ƙauyukan Zamfara da Katsina kuwa sun shafe shekaru suna jin wannan ƙara da dare.

Dokar makamai ta 1959 ta bambanta bindigar toka da ta soja tun da wuri. Bindigar toka kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba da lasisinta, irin ta soja kuwa haramtacciya ce ga farar hula sai da izinin shugaban ƙasa. Amma doka a takarda ba ta tsayar da ƙarfen da aka yi don ya daɗe. Abin da ke ƙarewa shi ne harsashi, kuma dole a riƙa kawo sabo. Kowane kwanso da maɗauki ya cilla ƙasa yana ɗauke da hatimi a gindinsa, galibi lambar masana'antar da ta yi shi da shekarar da aka yi shi. Masu bincike sun tsinci irin waɗannan a Kaduna da Katsina da Zamfara sun bi sawunsu. Babi na gaba zai ɗauki kwanso guda ya karanta abin da ke rubuce a gindinsa, ya bi hanyar da ya biyo daga masana'anta har dajin da aka harba shi.